Yadda ake tsara ayyuka masu maimaituwa da suka dogara da juna a Microsoft Project

Sa aiki ya riƙa dawowa duk wata abu ne mai sauƙi a kowace manhajar tsara ayyuka. Haka ma ɗaure aiki ɗaya da wani, ta yadda na biyu ba zai fara ba sai na farko ya ƙare. Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka haɗa biyun, domin maimaici kalanda yake bi, dogaro kuwa aikin da ke gaba yake bi, kuma kowannensu yana son ya zama shi ne mai sa rana. Hanyar da ke aiki ita ce ka maimaita sarƙar gaba ɗaya, ka ɗaure aikin farko kaɗai da kalanda, sauran su bi shi. Za mu yi amfani da shirya albashin wata a ofis a matsayin misali, da Microsoft Project na kwamfuta, sannan mu ga abin yi idan wata manhajar ke hannunka.

Abubuwan da za ka tanada

Kwamfuta mai Windows da Microsoft Project a kanta, Standard ko Professional, daga na 2010 zuwa sama. Takarda da biro, domin a kan takarda ake fara zana sarƙar. Jerin ranakun hutu na shekara. Sunan mutum ɗaya tak da ke da alhakin kowane aiki. Aikin da aka rubuta wa "sashen kuɗi" ba na kowa ba ne. Sai kuma tsawon lokacin da kowane aiki ke ɗauka a zahiri. Wannan a bakin mai yin aikin ake jin sa, don shugaba zai ce maka lissafin albashi aikin yini guda ne, akanta kuma ya san kwana uku ne.

Alaƙa iri huɗu manhajar ta sani, kuma da haruffa ake rubuta su. FS: sai na farko ya ƙare na biyu zai fara. SS: su fara tare. FF: su ƙare tare. SF kuma da wuya ka buƙace ta a aikin ofis, ka bar ta kawai. Idan ka rubuta lambar layi ba tare da haruffa ba, manhajar za ta ɗauka FS kake nufi.

1. Zana wata guda a takarda

Kada ka buɗe manhajar tukuna. Rubuta ayyukan wata ɗaya, ka tambayi kowane aiki: me kake jira kafin ka fara? Ga yadda sarƙar albashi takan kasance, da lambobin layin da za su samu a manhaja:

Layi 1: Albashin Satumba, uwar layi, wato babban layin da sauran ayyukan watan ke ƙarƙashinsa.
Layi 2: Karɓar sauye-sauye, wato sababbin ma'aikata, masu barin aiki, bashi da ƙarin girma. Kwana 2.
Layi 3: Lissafin albashi. Kwana 3, yana jiran layi 2.
Layi 4: Dubawar odita. Kwana 2, yana jiran layi 3.
Layi 5: Sa hannun shugaba. Kwana 1, yana jiran layi 4.
Layi 6: Tura wa banki. Kwana 1, yana jiran layi 5.
Layi 7: Raba takardun albashi. Kwana 1, tare da layi 6.
Layi 8: Tura kuɗin fansho. Kwana 1, bayan layi 6.
Layi 9: Tura harajin PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata. Kwana 1, bayan layi 6.
Layi 10: Daidaita lissafi da bayanin banki. Kwana 2, bayan layi 6 da tazarar kwana 2.
Layi 11: Ranar ƙarshe ta fansho, alama ce kawai marar tsawo.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne ɗaure ayyuka biyu don kawai mutum ɗaya ne ke yin su. Fansho ba ya jiran haraji, haraji ba ya jiran fansho. Dukansu biyan albashi suke jira. Idan ka jera su ɗaya bayan ɗaya saboda akanta ɗaya gare ku, ranar da aka samu mataimaki jadawalin zai ci gaba da nuna jinkirin da babu shi.

2. Gyara kalanda kafin komai

Buɗe sabon fayil. A ƙasan allo daga hagu akwai inda aka rubuta New Tasks. Danna shi ka zaɓi Auto Scheduled. Idan ka bar shi a Manually Scheduled, za ka ɗaura alaƙa ka ga kibiya a zanen jadawalin da ke gefen dama, amma aikin gaba ya matsa na baya ya tsaya inda yake.

Daga nan shiga Project, sai Change Working Time. Kalandar da manhajar ta zo da ita tana ɗaukar Litinin zuwa Juma'a ne ranakun aiki, awa takwas a yini, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma da hutun awa ɗaya. Idan ofishinku rabin yini yake yi ranar Juma'a, ko kuna aiki ranar Asabar, gyara shi a Work Weeks. Sai ka koma Exceptions ka shigar da ranakun hutu. A Najeriya masu tsayayyiyar rana su ne 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Hutun Sallah ƙarama da babba da na Maulidi sun danganta da ganin wata, kuma kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana 11, gwamnati kuma sai ana saura 'yan kwanaki take sanarwa. Shigar da ranakun da ake sa rai tun yanzu, ka gyara idan sanarwa ta fito. Haka za ka yi wa Ista, ita ma ranarta canzawa take yi.

Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga manhaja ta sa wa shugaba sa hannu ranar Sallah.

3. Shigar da sarƙar, ka ɗaura alaƙoƙin

Rubuta layukan nan 11 da tsawon kowanne a gurbin Duration: 2d, 3d, da sauransu, layi 11 kuma 0d. Zaɓi layi 2 zuwa 11 ka danna Indent Task don su shige ƙarƙashin layi 1. Kada ka rubuta wa uwar layi tsawo ko rana. Daga 'ya'yanta take lissafo nata.

Yanzu cike gurbin Predecessors, inda ake rubuta lambar layin da kowane aiki ke jira. Layi 3 ka rubuta 2. Layi 4 ka rubuta 3. Layi 5, 4. Layi 6, 5. Layi 7, 6SS. Layi 8 da 9 kowanne 6. Layi 10, 6FS+2d. Layi 11, 6FS+7d. Ana iya zaɓar layuka a danna Ctrl da F2 su ɗauru a jere, amma rubutawa da hannu ya fi, don kana ganin abin da ka ɗaura.

Lura da bambancin 2d da 2ed. Na farko kwana biyu ne na aiki, yana tsallake Asabar da Lahadi da hutu. Na biyu kwana biyu ne na kalanda, yana ƙirga har da su. Jiran banki kwanakin aiki ne, don haka d. Jiran siminti ya bushe a aikin gini kuwa ed ne, tunda siminti bai san Lahadi ba.

4. Kafa turke ɗaya kawai

Wannan shi ne zuciyar aikin. Danna layi 2 sau biyu, shiga Advanced, a Constraint type zaɓi Start No Earlier Than, ka sa rana, misali Talata 15 ga Satumba 2026. Layi 2 ya ɗauru da kalanda ke nan. Sauran duka su zauna a As Soon As Possible.

Duba abin da ya fito. Layi 2 ya ci 15 da 16. Lissafi ya ɗauki Alhamis 17, Juma'a 18 da Litinin 21. Odita 22 da 23, sa hannu 24, banki Juma'a 25. Daidaita lissafi ya jira 28 da 29, ya fara Laraba 30, ya tsallake hutun 1 ga Oktoba, ya ƙare Juma'a 2 ga Oktoba. Idan naka bai tsallake 1 ga Oktoba ba, hutun bai shiga kalanda ba, koma mataki na 2.

Gargaɗi mafi muhimmanci: kada ka rubuta rana da hannu a gurbin Start ko Finish na sauran layukan. Da zarar ka rubuta a Start, manhajar za ta kafa wa layin turke ba tare da ka nema ba. Idan a Finish ka rubuta, za ta sa masa Finish No Earlier Than. Daga nan ko aikin gaba ya ƙare da wuri, wannan ba zai matso ba. Alamar hakan ita ce ɗan hoton kalanda a gurbin Indicators daga hagu. A kowane wata layi ɗaya kaɗai ya kamata ya ɗauki wannan hoton. Idan ka ga biyu, buɗe na biyun ka mayar da shi As Soon As Possible.

Ka guji Must Start On da Must Finish On. Su ba sa sassauci, kuma a tsarin da manhajar ta zo da shi turke yana rinjayar alaƙa. Sai ka ga an nuna za a tura wa banki ranar 25 alhali odita bai gama ba sai 28.

5. Sa wa'adi, ka bambanta mai tsayuwa da mai tafiya

To, idan ba a kafa wa ranar biya turke ba, ta yaya za a san an makara? Da gurbin Deadline, wanda shi ma yana cikin Advanced. Wa'adi ba ya hana aiki matsawa, sai dai ya nuna 'yar kibiya a zane, kuma idan aikin ya wuce ranar, jar alama ta fito a Indicators. Sa wa layi 6 wa'adin 25 ga wata.

Haraji da fansho darasi ne mai kyau, domin wa'adinsu ba iri ɗaya ba ne. Harajin PAYE ana tura shi ga hukumar harajin jiha zuwa 10 ga watan da ke biye, ko an biya albashi da wuri ko a makare. Wannan tsayayyen wa'adi ne, a Deadline ake sa shi. A 2026, 10 ga Oktoba Asabar ce, saboda haka sa Juma'a 9 ga wata don ka huta da gardama. Fansho kuwa, dokar gyaran fansho ta 2014 ta ce a tura cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi. Wa'adin yana tafiya da ranar biya, gurbin Deadline kuma ba ya tafiya da kansa. Shi ya sa muka yi layi 11 da 6FS+7d. Idan an biya 25 ga Satumba, alamar za ta sauka Laraba 7 ga Oktoba. Idan biya ya matsa, ita ma ta matsa. Abin da za ka riƙa dubawa shi ne layi 8 ya ƙare kafin layi 11.

6. Maimaita sarƙar

Sai wata ɗaya ya tsaya daidai za ka maimaita shi, domin kuskure ɗaya a yanzu zai zama goma sha biyu. Zaɓi layi 1 zuwa 11 ta hanyar danna lambobin da ke can gefen hagu, don layin ya zaɓu gaba ɗaya. Kwafa da Ctrl da C, danna layin farko da babu komai, manna da Ctrl da V. Sabon rukuni zai fito daga layi 12 zuwa 22, alaƙoƙin cikinsa kuma sun koma sababbin lambobi da kansu: layi 14 yana jiran 13, layi 21 yana ɗauke da 17FS+2d. Idan sunayen ayyukan kawai ka zaɓa ba dukan layin ba, rubutu kaɗai zai kwafu, alaƙa ba za ta biyo ba.

A sabon rukunin abu huɗu za ka canza: sunan uwar layi, ranar turken layi 13, wa'adin biya, da wa'adin haraji. Sauran duka za su jeru da kansu.

Kada ka ɗauka 15 ga wata za ta yi daidai kullum. Daga karɓar sauye-sauye zuwa banki kwanakin aiki tara ne. A Nuwamba 2026, 15 ga wata Lahadi ce, aikin zai fara Litinin 16, biya ya faɗa Alhamis 26, jar alama ta fito. Maganinsa ka ƙirgo baya daga Laraba 25, turken ya koma Juma'a 13. Watan Disamba da watannin Sallah, inda ofisoshi da yawa ke biya kafin hutu, su ma haka za ka yi musu.

Wata nawa za a kwafa? Uku zuwa shida sun isa. Shekara guda tana da kyan gani, amma duk gyaran da aka yi wa tsarin aiki, kamar ƙara mai sa hannu na biyu, sai ka bi kowane wata ka gyara. Ajiye rukuni ɗaya mai tsabta a wani fayil daban a matsayin samfuri, daga shi za ka riƙa kwafowa. Idan ka kwafi watan da aka riga aka yi, zai zo da alamar an gama da ranakun da aka yi aikin, kuma layin da ke ɗauke da ranar farawa ta zahiri ba ya ƙara bin alaƙa.

7. Ɗaura wata da wata, amma da hankali

Akwai inda wannan wata ke jiran wancan da gaske. Bai kamata a fara lissafin Oktoba ba sai an daidaita na Satumba da banki, don a san wanda kuɗinsa ya dawo da wanda aka biya fiye da kima. A layi 14 rubuta 13,10. A wasu kwamfutocin alamar rabawa waƙafi mai ɗigo ce, gwargwadon saitin yankin Windows; idan manhaja ta ƙi karɓa, gwada 13;10.

Alaƙa ɗaya irin wannan ta isa tsakanin wata biyu. Kada ka ɗaure uwar layi da uwar layi. Idan ka ce layi 12 ya jira layi 1, Oktoba gaba ɗaya zai tsaya jiran layin ƙarshe na Satumba, har da alamar fansho da ba ruwanta da shi, kuma duk jinkirin da aka samu zai gangara har ƙarshen shekara. Idan manhaja ta ce alaƙar za ta haifar da circular relationship, ma'ana ka sa aiki yana jiran wanda shi ma ke jiran sa. Yawanci lambobi ne aka juya, ko an ɗaure ɗa da uwar layinsa.

8. Ina amfanin maɓallin Recurring Task?

Yana nan a Task, ƙarƙashin kibiyar maɓallin Task. Kana ba shi suna, tsawo, salon maimaici na kullum, mako, wata ko shekara, da ranar farawa da ta ƙarewa ko yawan zagaye. Ya dace da aikin da ba ya jiran kowa, kamar taron safiyar Litinin ko adana kwafin bayanai duk Juma'a. Idan wani zagaye ya faɗa ranar hutu, manhajar za ta tambaye ka ko ta matsar da shi. Don aikin ƙarshen wata, zaɓi salon Last da sunan rana, misali Juma'ar ƙarshe, maimakon 31 ga wata da ba kowane wata ke da ita ba.

Matsalarsa a sarƙa ita ce kowane zagaye yana zuwa da turkensa. Idan ka yi wa matakai tara maimaici na wata 12, turke 108 ke nan, kuma sai ka ɗaura alaƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan dole ka yi amfani da shi, yi wa aikin farko kaɗai, ka buɗe rukunin da ya fitar, ka ɗaure lissafin kowane wata da zagayen watansa. Kada ka taɓa ɗaure shi da babban layin maimaicin, don wannan layin yana miƙewa daga zagayen farko har na ƙarshe, sai lissafin Satumba ya koma jiran ƙarshen shekara. Duk lokacin da ka canza salon maimaicin daga baya, bi gurbin Predecessors ka tabbatar alaƙoƙin suna nan.

9. Riƙe jadawalin da rai

Kafin a fara aiki, shiga Project ka danna Set Baseline don ka ajiye tsarin asali. Sau biyu a mako, sa wa ayyukan da aka gama alamar kashi 100, da ainihin ranar da aka fara da ranar da aka gama. Don aikin da ya makara, shiga Update Project ka zaɓi Reschedule uncompleted work to start after, ka sa ranar yau; sauran sarƙar za ta matsa, ka ga ko wa'adin biya zai tsira. Idan wani layi ya ƙi motsi ba ka san dalili ba, zaɓe shi ka danna Inspect. Zai nuna maka ko alaƙa ce ke riƙe da shi, ko turke, ko kalanda.

Idan aka soke wani aiki a wata guda, kada ka goge layin kai tsaye, sarƙar za ta tsinke, na bayansa ya zabura ya koma farkon jadawali. Mayar da tsawonsa 0d ka rubuta dalili a Notes.

Idan ba ka da Microsoft Project

Dokar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta. A Asana, aiki mai maimaituwa ba ya haifar da zagaye na gaba sai an danna an gama na yanzu. Idan wani ya manta bai danna ba, aikin wata mai zuwa ba zai bayyana ba, ba kuma wanda zai lura sai an makara. Saboda haka ya fi kyau ka gina samfurin aiki mai ɗauke da alaƙoƙin Blocked by da ranakun da ake ƙirgawa daga ranar farawa, sannan ka sa aiki ɗaya tak mai maimaituwa da ke cewa "buɗe sabon wata daga samfuri". Alaƙoƙin dogaro a Asana na masu biyan kuɗi ne. A Jira ana amfani da Automation mai saitin Scheduled ya ƙirƙiri ayyukan ya haɗa su da blocks, sai dai wannan haɗin sanarwa ce ga mutane, ba ya matsar da rana da kansa. Trello ba shi da dogaro na asali. Kati ɗaya na wata mai jerin matakai a jere shi ne mafi sauƙi. Kowacce ka zaɓa, gwada ta da ayyuka uku na gwaji da maimaicin kullum: gama su yau, gobe ka duba ko sababbin sun ɗauru da junansu ko da na jiya.

Idan Excel ko Google Sheets kaɗai gare ka, ana iya yi. Sa ranar farawa a gurbi ɗaya, tsawo a na biyu, ranakun hutu a wani shafi. WORKDAY shi ne lissafin da ke ƙirga kwanakin aiki kaɗai. Ranar ƙarewa ita ce WORKDAY na ranar farawa da tsawo a cire 1, tare da jerin hutun. Ranar farawar aikin da ke biye kuma WORKDAY na ranar ƙarewar na gaba da 1. Idan akwai tazarar kwana 2, sai ka sa 3. Inda aiki ke jiran abu biyu, ɗauki MAX na ranakun ƙarewarsu. Ga ofishin da ke aiki ranar Asabar, yi amfani da WORKDAY.INTL ka sa lamba 11, wadda ke nufin Lahadi ce kaɗai hutu; lamba 7 kuma na wuraren da ke hutun Juma'a da Asabar ne. Rana ɗaya kaɗai za a rubuta da hannu a kowane wata, ta layin farko. Kulle sauran guraben don kada wani ya rubuta rana a kan lissafin.